Baba Hamsin, Mai Gadin Wutarmu

Kafin rana ta yi ƙarfi Baba Hamsin ya riga ya wanke allunan sola, ya buɗe ɗan ɗakin da ake rarraba wa unguwarmu wuta, ya dasa kujerarsa a bakin ƙofa. Ido ɗaya kan mita, ɗaya kan sama. Allurar mitar nan ce ta ba shi suna, don dole ta tsaya kan hamsin. In ta zame ƙasa, wutar kowa ta ɗauke.

Yakan ce wutar rana ba ta da alkawari. Gajimare ɗaya ya gifta, rabin ƙarfinta ya tafi, injin niƙa da na walda kuwa ba ruwansu, ja kawai suke. Shi ya sa yake yanke wani layin tun inuwa ba ta iso ba, kada nauyi ya kayar da duka. Ya sha zagi kan haka ba kaɗan ba.

"Tsoho, ka bar kallon sama kamar kaza na shan ruwa, ka ba mu wuta!" in ji mai walda.

"Ƙarfenka ba ya numfashi, ɗana. Zai jira."

Bara 'yata tana wata huɗu ciwon ƙirji ya kwantar da ita a ƙaramin asibitinmu, numfashinta ya dogara da injin iska. Tun safe garin a lumshe yake, batura ba su cika ba, da azahar kuma hadari ya haɗo. Nas ta dube ni ta ce, "Maman yarinya, in wutar nan ta ɗauke, sai addu'a."

Mai walda, wanda ya je yin faɗa, shi ya ba ni labarin sauran. Baba ya yanke layin kasuwa, ya yanke na masu niƙa, allura ba ta daina sauka ba. Layi biyu suka rage: na asibiti da na gidansa, inda matarsa ta cika firji uku da ƙanƙarar sayarwa. Ya kashe nasa.

Sai ga ta da mayafi a hannu. "Malam, ƙanƙarata fa?"

"Ruwa ce, uwargida, za ta sake daskarewa. Ɗauko kujera ki zauna nan, ki faɗa min in gabas ta washe."

Awa uku injin iskar nan na asibiti bai ko ƙifta ba.

Baba, ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki bayan shekara goma sha tara. Kai ne ka yarda a zage ka don 'yar da ba ka taɓa gani ba. Ga ta nan yau tana bin kaji da gudu. Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya.

Mu kuma da muka rage, kada mu jira sai an yanke mana. In kin ga hadari ya taso, 'yar'uwa, zare dutsen guga daga bango. Wani ɗan yana numfashi da wutar nan.