Ranar da Kofur Ya Auna Ni Cikin Kan Burtu

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Talata ne, cikin damina, gero ya fara fitar da kai. Na san lokacin ne domin wani Bature ya duba agogonsa, tafinta ya faɗa mini. Mu uku ne a bakin fadamar da ke kan hanyar Kiyawa: ni, da Baturen, da tafintansa. Akwai na huɗu wanda ba ya nan, kuma rashinsa ne ya jawo abin da ba zan manta ba har in koma ga Ubangijina.

Bari in bi zancen daki-daki. A lokacin Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Dutse ba. Wannan Bature ba na haraji ba ne, tsuntsaye yake bi. Yana da akwati mai ƙafa uku, sai ya lulluɓa baƙin ƙyalle a ka, ya leƙa ciki, ya ɗauki hotonsu. Abin da yake nema shi ne gauraka da 'ya'yanta biyu, waɗanda suka yi gashi amma ba su fara tashi ba. Kwana uku yana fama. Da ya matso sai uwar ta shige da su cikin ciyawa. Shi ne mai gari ya sa aka kira ni, domin ni maharbi ne, ɗan maharbi.

Na zo da kan burtu na mahaifina. Itace ne da aka sassaƙa kamar wuyan tsuntsun, aka rufe da fata, aka sa masa baki na gaske. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙar riga, ya yi rarrafe yana caccakar ƙasa kamar mai kiwo. Tsuntsaye ba sa gudunsa.

Na tsara musu aikin. Na farko, Bature zai ɓuya da akwatinsa a gindin dabino. Na biyu, ni zan zagaya ta gabas in riƙa turo gaurakar a hankali. Na uku, ba mai yin tari, balle magana. Tafinta ya juya masa, ya dawo mini da amsa.

"Maharbi, ya ce yau ce ranarsa ta ƙarshe, gobe Jahun za shi. Wanda duk ya yi motsin da ya kore su, shi da shi ne. Ni dai na faɗa maka."

A wancan zamani, in an ce kai da Bature ne, cikinka ya ɗuri ruwa.

Na huɗun da na ambata shi ne kofur, sojan da ke yi wa Baturen rakiya. Tun da sassafe an aike shi bariki ya ɗauko gilasan da ake ɗaukar hoto a kansu. Ban tambayi inda yake ba. Kuma a al'adarmu ba a sa kan burtu a gaban baƙo, don haka a bayan dutse na shirya. Kofur ɗin bai taɓa ganina da shi ba.

Na shiga ciyawa. Gaurakar ta dube ni, ta ci gaba da kiwo, 'ya'yan na bin ƙafarta. Na turo su har saura kaɗan su kai gaban akwatin. Sai na ga wani abu ya yi ƙyalli ta hagu. Na waiga ta ƙarƙashin riga. Kofur ne ya dawo ta wata hanya, ya ajiye kaya, ya durƙusa, bakin bindigarsa yana kallona. Tsakaninmu bai fi taku arba'in ba.

Ga abin da har yau nake jin kunyar faɗa: ban yi ihu ba. Na tuna maganar tafinta, na ce a raina bari Bature ya ɗauki hoton tukuna. Na ma ci gaba da caccakar ƙasa, ina ƙara tabbatar wa mai shirin harbina cewa ni tsuntsu ne. Sai da na ji ƙarar ƙarfe, ya ɗana harsashi, sannan hankalina ya dawo. Na kife cikin taɓo ina cewa, "Mutum ne! La'ilaha illallahu, mutum ne!"

Muryata da bindigar tare suka tashi. Na ji kamar an maka mini taɓarya a goshi. Harsashin ya fasa wuyan burtun, taƙi ɗaya sama da kaina, tsinken itace ya yaga mini gira. Gaurakar ta buɗe fikafikai tana kuka, ta kora 'ya'yanta cikin ciyawa.

Kofur ya iso a guje. "Wallahi ɗan'uwa, burtu na gani! Cewa na yi in samo wa Bature ya kai gida."

Tafinta, da ya ga ina numfashi, ya ce, "Sannu Kofur. Da ka kai masa burtu mai mata da 'ya'ya huɗu."

Ba wanda ya yi dariya. Baturen ya karɓe bindigar, ya tsuguna yana duba girata, ya yi magana. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, tun yaushe ka ga Kofur?"

Na ce, "Tun yana durƙusawa."

"To me ya hana ka ihu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce kada a kore su."

Aka juya masa. Daga nan ya je ya naɗe akwatinsa. Washegari ya wuce ba hoto.

Na koyi abu biyu. Laifin farko nawa ne, domin na fara aiki mai haɗari ban san inda kowa yake ba. Na biyu ya fi muni: na ji tsoron fushin mutum fiye da tsoron rasa raina.

Don haka ina roƙonka, mai karatu, kafin ka shiga irin wannan aiki ka ƙirga mutanenka, ka sanar da kowa, har wanda aka aika. In kuwa ka ga mutuwa ta auno ka, ka buɗe baki ka yi ihu, ko wane ne ya ce a yi shiru.