Na Je Leƙen Hanyar Tula, Yara Suka Riƙe Ni Amana

Gombe

Ina idar da sallar asuba ranar Talata na yafa mayafi, na ce wa 'yata Safiya, "Na fita, ki kula da gida." Ba ta tambaye ni ina za ni ba, domin kwana uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Laifina shi ne ta ce ita da ƙawayenta biyu za su je Tula ganin duwatsu a wannan dogon hutu, su sauka wurin yayar ɗayarsu da ke koyarwa a can, ni kuma na ce ba inda za ta. Shekararta goma sha shida, ubanta ya rasu, in wani abu ya same ta ni za a nuna da baki.

Sai dai ni na san zafin a yanke maka hukunci ba a duba ba. Haka aka hana ni makaranta, sai da na haifi biyar sannan na riƙe fensir a ajin manya. Don haka na ce zan je in ga hanyar da idona. Gaskiya dai, aibu na fita nema, in dawo in zube mata shi a gaba.

Na hau keke zuwa tasha gari bai gama wayewa ba. A jikin motar Kaltungo na tarar da 'yan mata uku sa'o'in Safiya, kowacce da jakar goyo, ba babba ko ɗaya. Rahila daga unguwar Herwagana, ita ce kakarta ke Tula. Jamila 'yar Fulani daga unguwar Federal Low-Cost. Sai Hadiza, ƙaramarsu, mai ido a tsaye. Jamila ta zagaya bayan mota ta ɗauki hoton lamba, ta dawo ta tambayi direba sunansa.

"Ke 'yar sanda ce?" in ji shi.

"A'a Baba, Dadata ce, wato mahaifiyata, ke son sanin wanda za ta sa a addu'a."

Ya yi dariya ya faɗa mata. Da zai tayar da mota ya waiwayo ya ce, "Hajiya, tun da ba babba, ga amanar yara nan." Na gyara zama na ce na karɓa.

Kumo

Damina ta yi kyau, masara ta rufe gonaki hagu da dama. Ina da wata ɗabi'a tun da idona ya buɗe: ba allon da zai wuce ni ban karanta shi a fili ba. Rahila ta lura, ta riƙa nuna mini waɗanda ke ɓangarenta kada su kuɓuce mini. Ban san ko tsokana ce ko ladabi ba, na dai karanta.

A Kumo muka tsaya. Na sayi fura da nono, su suka sayi dafaffiyar gyaɗa. Kafin kowacce ta kai hannu baki sai da ta kira gida: mun iso Kumo, lafiya lau, sai Billiri. Magana a taƙaice, ba surutu.

Jamila ta ce, "Mama, ke ba za ki kira gida ba?"

Na ce, "Ni ce gidan."

Suka dubi juna.

Billiri

Kafin shiga gari akwai shinge. Jami'in ya leƙo ya ce, "Hajiya, duk naki ne?" Na buɗe baki zan ce e don a wuce wurin, Hadiza ta riga ni.

"A'a yallaɓai, mu kaɗai muke. Tula za mu, gidan kakar wannan. Ga lambar babana in kana son ka ji daga bakinsa."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce Allah ya tsare. Na ji kunya kaɗan. Ƙaryar da zan yi don in kare su, ashe ba su da bukatarta.

Kaltungo

Da hantsi muka sauka. Motar Tula kuwa ta ƙi cika. Muka yi azahar a nan, Rahila na gadin jakunkuna. Hadari ya fara haɗowa ta bayan duwatsu, gwiwata ta fara ciwo, haƙurina ya ƙare. Sai ga wani mutum a ƙaramar mota mai sheƙi ya tsaya bakin titi, ya ce Tula za shi, yana da wurin mutum ɗaya, kyauta. Na ɗauki jakata. Ban taka uku ba na ji an riƙe mini gefen mayafi.

"Mama, ba a shiga motar bakin titi," in ji Hadiza. "Dokarmu ce."

"Dokarku ta tsaya a kanku. Na haifi kamarku biyar."

"Shi ya sa, Mama. A cikin biyar ɗin, wa ya san inda kike yanzu?"

Na tsaya. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana a kasuwa ba, sai ga ni na ajiye jakata. Mutumin ya gaji da jira ya ja motarsa. Wataƙila mutumin kirki ne, ban ɗora masa laifin komai ba. Amma da Safiya ce ta yi abin da na so yi, da sai unguwa ta ji muryata.

Jamila ta ce, "Ki kira ko mutum ɗaya ne. In ba kati, ga wayata."

Wa zan kira? Manyan 'ya'yana suna gidajensu, in suka ji za su tayar da hankalin dangi. Safiya ce ta rage.

"Umma, kina ina? Na je har gidan Goggo nemanki."

"Ina Kaltungo."

"Kaltungo ta hanyar Tula?"

"Akwai wata ne?"

"Ke kaɗai?"

"Ina tare da mutanen kirki."

"To ki kira ni in kin isa," ta ce. "Kuma kada ki shiga motar da ba ta tasha ba."

Na kashe wayar, na koma jiran motar tasha.

Tula

Bayan la'asar motar ta cika. Hanyar hawa ce mai lanƙwasa, mota na nishi, kunnena na toshewa. Da muka kai sama na leƙa ƙasa, na ga gonaki shimfiɗe kamar an baje atamfofi a kasuwa, hazon ruwa na yawo a ƙarƙashinmu. Na yi tasbihi. Shekara hamsin da ɗoriya ina Gombe, ban san Allah ya ajiye wannan a bayan gidanmu ba. Yaran suka kai ni na ga tsohon gidan yarin zamanin Turawa, muka tsaya bakin wani kwari iska mai sanyi na kaɗa mu. Jamila ta matsa gaba don hoto, sauran biyun suka janyo ta baya ba tare da wani ya ce musu ba.

Ruwa ya sauko, motar komawa ta ƙare. Suka ce ba zancen in nemi masauki, gidan Kaka za mu. Tsohuwa ce doguwa, ta fito da fitila ta ƙare mini kallo.

"Ke ce amanar?"

"Ni aka ba amanar yaran nan tun daga Gombe."

"Oho. Ni dai Rahila ta bugo daga Kaltungo ta ce in ƙara tuwo, suna tafe da wata Mama da ta fito ba wanda ya sani, ba za su bar ta ita kaɗai ba."

Yaran suka shige ɗaki suna ƙunshe dariya. Kaka ta kawo buta da sabuwar tabarma, ta nuna mana gabas. Ita ba Musulma ba ce, amma ba sai an tambaye ta ba. Muka ci tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa. Na tambaye ta ko ba ta tsoron yara mata su kamo hanya su kaɗai.

"Wa ya ce miki su kaɗai ne? Uwar Jamila ta kira ni tun makon jiya. Uban Hadiza har tambayata ya yi ko ƙofar ɗakin tana kulluwa. Muna nan, 'yar'uwa. Mota ce kawai ba mu shiga ba."

Iyaye mata 'yan'uwana, wannan ita ce maganar da na kawo muku tsaraba. Ko Tula ce, ko madatsar ruwan Dadin Kowa da za a je a dawo a yini ɗaya, ku san gidan da za a sauka, ku san ƙawayen, motar ta zama ta tasha, a kira daga kowane gari. In kun ga ba su cika wannan ba, ku hana, kuma ku faɗa musu dalili.

Komawa

Da safe Kaka ta ƙulla mini gauta da ɗanyar gyaɗa. Yaran suna da sauran kwana biyu, amma sai da suka raka ni har mota. Jamila ta ɗauki hoton lamba ta tura wa Safiya. Hadiza ta leƙa ta taga ta ce, "Baba direba, ga amana. Tana da gardama, amma tana jin magana." Na ɗaga hannu kamar zan make ta, ta kauce tana dariya.

Na iso Gombe kafin la'asar, na tarar da Safiya tsaye a ƙofar gida. Ban jira na zauna ba na ce ta kawo mini lambar yayar ƙawar tata, ta kuma kira ƙawayen su zo in gan su ido da ido. Na ce in sun je, su kai wa Kaka sabulu da gaisuwata.

Ta karɓi jakata, ta sunkuyar da kai, sannan ta ce, "Umma, da kike dawowa kin kira a Kaltungo, kin kira a Kumo. A Billiri fa?"

Na ce barci ne ya ɗauke ni. Ta ce kada a sake.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kaka, da direbobin da suka riƙe amana, da iyayen da suka tarbiyyantar da Rahila, Jamila da Hadiza. Safiya za ta tafi ranar Asabar. Wayata tana caji tun yanzu.