Jemagen da Labbo bai gasa ba

Ranar wata Talata ce da hantsi, shekarar da na fara gwada azumin rabin yini, dawa ta yi kai tana shirin nuna. Muna bisa rumfar tsaro a gonakin gindin dutsen Kwatarkwashi, mu takwas, muna jan igiyar da anka rataya wa sakaina da fasassun gora don korar tsuntsaye. Labbo, babbanmu, ya gaji da ihu ya sauka, ya ɗana dutse a majajjawa ya wurga cikin ɗurumin bakin gona. Dutsen ya bugi reshe, sai wani abu mai ruwan ƙasa ya faɗo tim cikin ciyawa. Ni na riga kowa isa, na kifa masa malfata. Da na ɗaga kaɗan na leƙa, sai ga jemage mace, ido ƙuru-ƙuru, fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, tana haki. Bugun bai same ta ba, faɗuwar ce ta gigita ta. A ƙirjinta kuwa ga wani ɗan mitsitsi da bai kai babban yatsana ba, ya ƙanƙame ta, bakinshi cikin hammatarta yana tsotso.

To, rumfarmu tana da doka da munka gada wurin yayyenmu. Mun kasu biyu, 'yan majajjawa da 'yan tarko. Duk tsuntsun da ya shigo hannu na 'yan majajjawa ne, duk dabba ta 'yan tarko ce, ko da wa ya kama. Haka anka tsara don kada a riƙa faɗa bisa kurciya da gafiya. Wanda ya ƙi bin doka kuwa sai a kore shi daga rumfa, ya koma tsaron gonar ubanshi shi kaɗai, ba gasasshen nama, ba langa, ba mai kula shi har a gama girbi. 'Yan majajjawa su shida ne. 'Yan tarko ni ne da Jatau, wani yaro mai in'ina da bai taɓa musu da kowa ba. Kafin in miƙe har an hura wuta da karan bara.

Labbo ya miƙo hannu ya ce, "Kawo tsuntsunmu, Nomau." Na ce ba tsuntsu ba ne. Sunka kwashe da dariya har wani ya faɗi. Na ce su nuna mini tsuntsun da sunka taɓa gani yana ba ɗanshi nono. Labbo ya ce, "Kai ɗan ƙwal uba, abin da ya faɗo daga sama kake kira dabba? Ko akuyar gidanku bisa ɗurumi take kwana?" Ni dai abin da na gani na gani. Na taɓa jikinta, gashi ne mai laushi irin na ɓera, ba irin na kaza mai tsinke a tsakiya ba. Kunnuwa a tsaye. Da na matsa ta sai ta gantsara mini cizo a yatsa, jini ya fito, na ɗaga yatsan ina murna ina cewa su duba, haƙori ne wannan, wane tsuntsu ke da haƙori? Labbo ya fizgo ni ta wuya. Na sulle, na rungume malfa a ciki na zura da gudu sai gida, su bakwai suna bayana.

Kakata Tumba ita ce ungozomar unguwarmu. Rabin yaran da ke bina ita ta yanke musu cibi, har da Labbon. Mun iske ta a gindin cediya tana kaɗi. Ta dube ni ta ce, "Maigida, mi ka sato wa amaryarka yau da har gari ya biyo ka?" Na zube gabanta na faɗi magana ba numfashi, na ce ita za ta raba. Ta ajiye mazari, ta sa ƙyalle ta riƙe jemagen ta ƙeya yadda ba za ta cije ta ba. Ba ta yi gaggawa ba. Ta buɗe fuffuken a hankali, ta nuna mana ƙasusuwan ciki, dogaye sirara, ta ƙirga su da ɗan babban yatsa mai ƙugiya a sama, sai ga biyar. Hannu ne anka shimfiɗa wa fata! Ta ɗan janye jaririn, ga kan nono, ga ɗigon fari a bakinshi. Sannan ta juya cikinshi ta nuna wani ɗan busasshen zare. Ta ce, "Cibiya ce wagga. Wanga haihuwarshi anka yi, ba ƙyanƙyasa ba. Duk mai cibiya aikina ne." Labbo ya ce ai dai tana tashi. Kaka ta ce, "Jimina ba ta tashi, ka taɓa jin an ɗora mata mangala an ce jaka ce? Tafi ka ba ni wuri, ni na yanke taka, kuma ba ta fi wagga kyau ba."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Labbo ya ce dokar rumfa ba a gindin cediya ake yanke ta ba, ko in miƙa jemage ko in bar rumfa. Na dubi Jatau, ya sunkuyar da kai. Gonarmu ce ta ƙarshe wajen dutse, inda birai ke saukowa, kuma ban taɓa yini can ni ɗaya ba. Amma na karɓi jemagen hannun Kaka, na hau cediyar nan suna kallo, na liƙa ta a reshe mai inuwa. Ta laluba da ƙugiyarta, ta juya kai ƙasa, ta naɗe ɗanta cikin fuffuke kamar mai goyo da zane. Daga bisa na ce wa Labbo ya riƙe rumfarshi. Can da la'asar ta saki reshen, ta yi ƙasa kamar za ta faɗi, sai ta ɗaga ta nufi dutse da ɗanta a ƙirji.

Wata guda da rabi na yi ni kaɗai. Baba ya ce tunda taurin kaina ya jawo, in sha. Ina jiyo shewarsu da ƙamshin gashinsu, wani yini har kuka na yi, amma ban je ba da haƙuri ba. A zaman nan ne na fara duba dabbobi da gaske. Na zana gidaje a ƙasa da tsinke, ina sa tsakuwa. Babban gida dai na masu cibiya ne, masu gashi, masu shayarwa. Cikinshi na ware masu rababben kofato da ke tuƙa, akuya da tunkiya da saniya, na haɗa su da gada da barewa, don sawunsu ɗaya ne a laka. Jaki da doki na ba su ɗakinsu, kofato guda, ba tuƙa. Ɓera, gafiya da kurege masu gwigwiya ne, haƙoran gaba biyu sama biyu ƙasa kamar kurfin masassaƙi. Kare, dila, kura da kyanwa masu fiƙa. Biran da ke satar mana dawa kuwa, da na dubi hannun wata tana ɗauke wa ɗanta ƙwarƙwata, sai na rasa inda zan sa tawa tsakuwar in ba kusa da tasu ba. Kowa cewa yake bushiya ƙanwar beguwa ce saboda ƙaya. Ƙarya ne! Na buɗe bakin matacciyar bushiya, haƙora ƙanana masu tsini na cin ƙwari, ita kuwa beguwa gwigwiya take kamar gafiya. Rema ce kaɗai ta gagare ni. Tana shan hantsi bisa dutse kamar ƙatuwar gafiya marar wutsiya, amma ƙafarta ba ta gafiya ba ce, kuma har yau ban ba ta ɗaki ba.

Yanzu ina Gusau wurin wani mai sayen fatu, ina ware na akuya da na tunkiya, kuma duk fatar dawa da maharba sunka kawo sai na tsare su da tambaya har su gaji da ni. Wani falke ya ba ni labarin ayu, wai a ruwa take kamar kifi amma tana da nono. Mutanen rumfar fatun sun ce tatsuniya ce, ni na ce in dai tana shayarwa to 'yar gidanmu ce, kuma sai na je na gani da idona. Labbo yana koro jakuna daga Bungudu ranar kasuwa, mu gaisa mu ci goro, in zai tafi ya waiwayo ya ce, "Har gobe tsuntsu ne." In ce masa har gobe ba shi ba ne. Kaka Tumba ta rasu, an sare cediyar an yi turmi. Nan garin kowa hankalinshi na ga auduga da gyaɗa da hanyar jirgin da ake ta magana, ba wanda zai ajiye aikinshi ya juya cikin ɗan jemage don yaro ya yi tambaya. Ita Kaka ta ajiye mazarinta ta duba, kuma tun ranar ban yarda an faɗa mini abin da zan iya dubawa da kaina ba.