Ranar da mahaifiyata ta zama idona a hanyar Dosso

Shekarun baya, lokacin da gadar Gaya ba ta hutawa da motocin kaya masu fitowa daga Kwatano, na sayi motata ta farko. Mu da muka tashi a nan motocin Faransa muka buɗe ido muka gani, su ne na haya, su ne na gwamnati. Da na Japan suka fara shigowa dariya tsofaffin direbobi suka riƙa yi musu, wai gwangwani ne aka sa wa taya. Sannu a hankali gwangwanin ya cinye tasha, don ba ya shan mai, ba ya yawan kwanciya a garaji.

Tawa ƙarama ce fara, ta hannu, aibinta ɗaya: sitiyarinta, abin da mu nan muke cewa bolan, a dama yake. Abokina makanike da ya raka ni dubawa ya ce min kada in saya. Ya ce mutanen Japan a gefen hagu na hanya suke tuƙi, don haka motocin da suke ƙera wa kansu bolan ɗinsu a dama yake, na hagun kuma don sayarwa waje ne. Wannan ta gida ce, ta gama yi wa wani aiki a can aka turo mana. Ya ce ƙasar da bayan yaƙi ta fara da kwaikwayon motocin Turawa har ta zo ta wuce su ba za ta yi inji maras kyau ba, injin lafiya lau, amma ranar da na biyo bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, zan tuna da shi.

Ban ji ba. Ni dai na ga fenti yana ƙyalli. A cikin gari kuwa daɗinta nake ji, jandarma ya zo tagar hagu ya sunkuyo ya tarar babu kowa, ni ina ɗaya gefen ina murmushi kamar wani babban mutum.

Wata safiya bayan an yi girbin shinkafa aka kira ni cewa mahaifina ya faɗi a gona yana riƙe da ciki. Na ɗauko shi da mahaifiyata muka je asibiti. Likita ya danna cikin, mahaifina ya yi ƙarar da ban taɓa jin ya yi ba. Likitan ya ja ni gefe ya ce hanji ne ya murɗe, aikin sai Dosso, kuma yau ɗin nan. Motar asibiti ta riga ta tafi da wata mai haihuwa.

"Kana da mota?" in ji shi.

Na ce ina da ita.

"To, kada ka tsaya ko ina."

Muka shimfiɗa Baba a baya, Inna ta ɗora kansa a cinyarta. Muna fita gari na gane a wace rana muka faɗo. Duwan, wato 'yan kwastan, sun saki motocin kaya a lokaci ɗaya, ga su nan jere a kan gudron, hanyar kwalta, kowace tana rarrafe da kayan da ya fi ƙarfinta. Na isa bayan ta farko, na so in leƙa, sai na ga ba abin da nake gani sai bayan kamiyo da ciyawar bakin hanya. Kafin idona ya ga abin da ke tahowa, sai na fitar da kusan duk motar zuwa ɗaya hannun. Na gwada. Wata bas ta wuce mu da ƙaho, iskarta ta girgiza mu.

Na koma na bi a hankali. Baba yana nishi, hayaƙi yana shigo mana, gumi ya jiƙa min riga. Can na ce, "Inna, sai kin dawo gaba."

"In bar shi wa ya riƙe shi?"

"In ba ki dawo ba, a haka za mu kai magariba."

Ta naɗe zanenta ɗaya ta tura masa ƙarƙashin kai, ta zo ta zauna a kujerar hagu, inda direba ke zama a kowace mota ban da tawa. Matar da ko keke ba ta taɓa hawa ba. Na ce zan ɗan karkata, ta duba ta gaya min abin da ta gani.

"Akwai wani abu can," ta ce.

"Nesa ko kusa?"

"Ina zan sani, ɗan nan? Abu ne dai yana tahowa."

Na ji kamar in fashe da kuka. Sai na tuna duk rayuwarta tana shiga jirgin ruwa zuwa kasuwar tsallake da kayan miya. Na ce, "Inna, ki auna da kogi. Daga bakinmu zuwa gefen Benin, ya kai haka?"

Ta ƙura ido. "Ya fi. Ya yi tsallake biyu."

Na taka. Muka wuce ta farko. Daga nan muka samu yaren da muke ji: in ta ce "tsallake ɗaya" in koma, in ta ce "kogi babu kowa" in fita. Tsakanin wannan da wancan salati take yi, wani lokaci da Hausa take min magana, wani lokaci tsoro ya mayar da ita yarenta na Dendi.

A wata gangara ta ce in tafi. Na fita, na kai tsakiyar wata doguwar tirela, sai ga mai kabu-kabu ya ɓullo daga wani kwari da buhuna a bayansa. Ba gaba, ba baya. Inna ta dafe gilashi da hannu biyu kamar za ta ture shi. Mai babur ya sauka cikin ƙasa, ya yi tangal-tangal, Allah ya sa bai faɗi ba. Na ja da baya na koma layi.

"Ni na ce ka tafi," ta ce a hankali. "Wallahi ban gan shi ba."

Na ce ba zan sake wuce kowa ba, gara mu isa a makare da in kashe mu duka. A lokacin ne muka lura nishin Baba ya ɗauke. Inna ta juya ta kira shi, "Malam? Malam!" Bai motsa ba. Ta miƙa hannu ta ɗora a ƙirjinsa, ta daɗe, ni kuwa ina kallon hanya ba na ganin komai.

"Yana numfashi," ta ce. Ta gyara zama, ta share fuska da gefen mayafi. "Karkata in gani."

Da muka sake fita, na zo daidai kan tirelar, sai na ga direbanta yana sama da ni kaɗan, taga da taga, abin da ba zai yiwu ba da bolan ɗina a hagu yake. Na ɗaga murya na ce, "Maras lafiya! Dosso!" Ya leƙo ya ga Baba a kwance. Ya rage gudu ya ba ni hanya, na hango shi a madubi ya kara waya a kunne. Ban san wa ya kira ba, amma daga nan kusan duk motar da muka cim ma, sai in ji Inna ta ce, "Ga hannu ya fito, yana cewa ka zo." Ko, "Ya ce ka dakata." Mutanen da ban san fuskar ko ɗaya ba, suka yi ta miƙa mu hannu zuwa hannu har muka hango Dosso.

Kafin la'asar aka shiga da shi. Aka yi aiki, ya tashi. Ya ƙara shekaru masu yawa yana noma shinkafarsa yana faɗa da tsuntsaye.

Bayan an sallame mu, wata rana tana tankaɗe a tsakar gida, na ce mata, "Inna, ashe idonki ya fi nawa." Ta ci gaba da aikinta, ta ce, "Daga inda Malam ya yi shiru, hawaye ne cike da idona. Dishi-dishi nake gani."

Na ce, "Kuma kika riƙa cewa in tafi?"

"Da na gaya maka, da ka tsaya."

Motar ta daɗe a hannuna, injinta bai taɓa ba ni kunya ba, amma ban sake kai ta hanyar Dosso ba. Wani lokaci nakan yi tunanin waɗanda suka ƙera ta a can ƙasarsu, don wani ya riƙa zuwa aiki a kan titi mai tsabta, ba su san za ta ƙare da ɗaukar tsoho a cikin ayarin kamiyo ba. Aikinsu ya yi kyau, nawa zaɓin ne ya zo da gyara. Har yau in na tuna maganar Inna sai in rasa ko godiya zan yi mata ko faɗa. Ita kuwa ko a jikinta, in aka tayar da zancen sai ta ce ai tuƙin ranar nan ita ta yi, ni bolan kawai na riƙe.