An Kawo wa Motata Dillali

Jiya na fito zan tafi masallaci, sai na tarar da wani baƙo yana bubbuga tayar motata da ƙafa. Ashe dillali ne, ɗana Nura ya kawo shi ban sani ba.

"Baba, ka sayar tun tana da daraja," in ji Nura, yana miƙo min waya. "Dubi masu lantarki. Ta China ta fi araha, ta Amurka ta fi cin dogon zango. Nan gaba ma ba mai mallakar mota, da waya za a riƙa kira."

Na ce, "Wutar da ta kasa sanyaya mana ruwa a nan Garoua ce za ta kai ni garin Ngong? Kuma wa ya ce maka tawa ce ni kaɗai? Rabin matan unguwar Djamboutou ita ta kai su asibiti haihuwa!"

Dillalin ya janye ƙafarsa. "Alhaji, ashe ita ce? Wallahi har matata ta ɗauka."

Mota tana nan, ba inda za ta.

Ku masu kwatanta kamfanoni, ku faɗa min: wanne ne ya ƙera wadda ke amsa sallamar maƙwabci?