Dundumin Kakana

Kakana dillalin shanu ne a kasuwar Babura, kuma da idonsa yake taƙama. Daga nesa yake faɗin shekarun bijimi. Shi ya sa da dundumi ya kama shi bai gaya wa kowa ba. Rana na faɗuwa sai ya lafe a tabarma, wai gwiwa ce ke damunsa.

A shekarar da arzikin man fetur ya sa aka ƙara mana albashi, mu malaman firamare, na sayi babur. Wata magariba na kafe shi a ƙofar gida, na lulluɓe shi da buhuna. Kaka ya fito alwala, ya tsaya, ya ƙanƙance ido.

"Kai, wa ya sayar maka da wannan ramammen maraƙin?"

Na haɗiye dariya. "Daga kasuwar Gwiwa na kawo shi, tsoho. Taya mana."

"Ƙahon dai ba laifi, amma babu tozo. An cuce ka."

Ya miƙa hannu zai shafa wuyansa, ni kuma na danna oda. Buta ta yi gabas, Kaka ya yi yamma, yana salati yana zagina. A ranar ne asirinsa ya tonu.

Kakata ta ce maganin dundumi hanta ce. Kullum sai ta gasa masa, ta barbaɗa yaji. Wata huɗu yana ci, kumatu suka ciko, ido kuwa sai ƙara dushewa yake.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je Kazaure wurin wani malamin asibiti, mutumin kudu mai karyayyar Hausa. Ya haska idon da tocila.

"Baba, yanar ido ce. Ta rufe ido kamar labule. Da rana haske da yawa, yana ratsawa. Da yamma ɗan kaɗan ne, ba ya wucewa. Naka ba na hanta ba ne, sai aiki a Kano."

Kaka ya matso kusa da shi. "Aikin na yarda. Zancen hantar nan dai kada ya isa gida."

Bayan girbi aka yi aikin, aka ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da ya fara sa shi, ya daɗe yana kallona.

"Yaushe ka tsayar da gemu?"

"Shekara biyu ke nan, tsoho."

"Kuma duk garin nan an rasa mai gaya maka gaskiya? Samo mini reza."