Sunan 'Yar Fari a Darasin Sifaniyanci

A garinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Kunya ce, haka muka taso muka gani. Shekara ashirin da biyu ina ce wa tawa "ke" ko "yarinyar nan". Ita kuwa a Riyad ta girma, inda uwa ke tsayawa tsakiyar kanti ta ƙwala wa ɗanta kira da suna, har da ƙarin "habibi", wato masoyina. Ta daɗe tana zaton ba na ji da ita ne.

Da ta samu tallafin karatu a Sifaniya, saura wata biyu ta tafi, sai na ce ta koya mini Sifaniyanci, wai don kada a cuce ni a kasuwa in na je ziyara. Gaskiyar magana, zama kusa da ita nake so.

Kullum in na taso daga asibitin da nake aikin jinya, sai mu baje a falonmu na unguwar Nasiriyya a nan Riyad, ita da littafi, ni da tabarau da shayi. Malama ce marar sassauci. Ranar da muka zo kan yadda ake cewa "an yi kaza" na ji daɗi, don nan ne fagena. "Se vende", ana sayarwa. Ba ruwanka da mai sayarwar. Na ce ashe Sifaniyawa ma sun san kunya.

"Yalla, mu ci gaba, Umma, akwai ɗaya hanyar," in ji ta. "Ki faɗi abin da aka yi, ki ce 'por', sai sunan wanda ya yi."

Ta rubuta "La beca fue ganada por", ta ja layi. Wato an ci tallafin karatu, saura a faɗi wa ya ci.

Na ce, "Por yarinyar nan."

"A'a. Suna."

"Por ke."

"Umma, sifili zan ba ki."

Na ƙirƙiro tari. Na ce ina jin ƙaurin shinkafa. Ta ce ba a ɗora komai ba.

Sai ta ajiye biro. "Halas, bar shi. Da ma so nake in ji yadda yake fita daga bakinki kafin in tafi."

Tausayinta ya kama ni. Na tashi na tura ƙofar falo kada babanta ya ji, kamar mai shirin satar nama a tukunya. Na dawo na karanta jimlar tun daga farko, na faɗi sunan.

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Lafazin bai fita ba, Umma. Maimaita."

Na maimaita.